Minti Goma Sha Ɗaya a Saga

An ɗaura auren Iklima Yakuba da Nassirou Seyni ranar Asabar, 13 ga watan Yuli, da ƙarfe takwas na safe, a ƙofar gidan mahaifin amarya da ke Harobanda, ƙetaren kogi a birnin Yamai. Liman ya yi fatiha, aka raba goro da dabino, dangin ango suka koma Saga cikin motoci biyu kafin rana ta yi zafi. Makonni bakwai kafin nan, mahaifin amarya ya faɗa a gaban mutum uku cewa wannan aure ba zai yiwu ba.

Iklima tana da shekara ashirin da uku. Mahaifinta, Malam Yakuba, tela ne ɗan Maraɗi, ya zo Yamai tun yana saurayi, yana da shago mai keken ɗinki huɗu a bakin gudron, wato titin kwalta. Mahaifiyarta ta rasu tana da shekara tara, yayar mahaifinta, Gwaggo Zuwera, ita ta rene ta. Nassirou ya girme ta da shekara biyar. Bazabarme ne haifaffen Saga, shi ke kula da injinan ban ruwa na wata ƙungiyar manoman shinkafa.

A aji suka haɗu. Su biyun sun yi rajista a wata makaranta mai zaman kanta da ke wajen ƙasar, wadda ke koyar da ilimin ruwa da noman rani ta intanet, karatun shekara biyu. Iklima ta zaɓi wannan hanya ne saboda ita ke riƙe da keken surfani a shagon mahaifinta da safe. Darasin ƙarfe biyar na yamma bai hana ta aiki ba. Darasin da ya wuce ta kuma tana kallon bidiyonsa washegari, ta tsayar da malami a tsakiyar magana, ta mayar da shi baya sau uku, bai taɓa yin fushi ba. Shi kuwa Nassirou ba ya iya barin injina da rani, ko na yini ɗaya.

Ɗalibai arba'in da ɗaya ne daga ƙasashe shida. Ba mai buɗe kamera, domin hoto yana cinye forfe, wato datar da aka saya. Abin da Iklima ta sani game da Nassirou tsawon wata biyar shi ne murya mai nauyi, da faransanci a hankali, da hoton wani injin ruwa shuɗi da ya sa a madadin fuskarsa. An sa su rukuni ɗaya na mutum huɗu, aka naɗa ta shugaba. Sauran biyun, ɗaya a Njamena ɗaya a Kwatano, ba kasafai rezo, wato layin intanet, ke barinsu su shigo ba.

A watan Maris malami ya ce kowa ya ɗebo ruwa daga kogin da ya fi kusa da shi, ya auna yawan lakar da ke ciki. Nassirou ya ce nasa a Saga ya ɗebo. Iklima ta tura masa saƙo tun ba a tashi daga darasi ba, kuma da Hausa.

"Wace Saga? Ta nan Yamai?"

"Akwai wata ne, Shef?"

"Ni ina Harobanda. Wata biyar ina zaton kana Bamako."

"Ni kuma na ɗauka ke madam ce mai ƴaƴa huɗu. Yadda kike ba da umarni."

Ba ta da na'urar awon. Makarantar ta turo bidiyon yadda ake aiki da ita, amma ba a auna ruwa da bidiyo. Shi yana da ita a wurin aiki. Suka yi alkawarin haɗuwa ranar Lahadi da hantsi a Gaweye, a gindin gadar Kenedi.

Ta zo da kwalbar ruwan kogi a cikin jaka. Ta wuce samari uku da ke kan babura, ta tsaya gaban wani dattijo mai furfura a gemu, ta gaishe shi da ladabi.

"Ku ne Malam Nassirou?"

Dattijon ya ce shi Amadu ne, kuma masu kifi yake jira.

Wani siririn saurayi mai baƙin mai a farce ya turo babur ɗinsa ya matso, ya gaishe ta da Zabarmanci. "Fofo, Shef. Injin ne ya ce in zo a madadinsa."

Ta dube shi, ta dubi ƙasa. "Muryarka ta girme ka."

"Haka innata ke cewa."

Awon na minti goma ne. Sun yi awa ɗaya da rabi a tsaye, yana nuna mata inda ruwa ke kaiwa idan kogin ya cika, tana gyara masa lissafin da ya yi kuskure a aikin rukuni. Da za ta tafi ta ce zai iya cire hoton injin yanzu. Ya ce sai ya yi shawara da shi tukuna.

Daga nan ya zama Mai ruwa, ita kuma ta ci gaba da zama Shef. Idan rezo ya yanke mata a tsakiyar darasi, yana rubuta mata abin da malami ya faɗa, layi bayan layi. Idan inji ya lalace ya rasa darasi, tana ɗaukar muryarta ta taƙaita masa. Ya taɓa gaya mata cewa yana sauraren taƙaitawar ko da ya halarci darasin.

"Ɓarnar forfe kake yi," ta rubuta.

"Na fi ganewa da muryarki."

"Me ka gane a darasin jiya?"

"Na gane ina son in turo manyana."

Ta bar saƙon awa biyu ba amsa. Sannan ta rubuta: "Babana ya fi sauƙin magana bayan la'asar."

Kawunnan Nassirou biyu suka zo gaisuwa a watan Janairu na shekara ta biyu. Malam Yakuba ya karɓe su da mutunci, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Washegari a shago, yana yankan shadda, ya tambayi ƴarsa ba tare da ya ɗaga kai ba.

"A ina kika san shi?"

"A lakol, Baba," ta ce, tana nufin makarantarsu.

"Wane lakol? Wanda ke cikin ordinater a jakarki?"

"Shi ne, Baba."

"To ni ban taɓa jin an je tambayar asalin mutum a cikin jaka ba. Wa ya gan shi yana zuwa aji? Wa ya san da wa yake zama?"

Ba shi kaɗai ke da wannan shakka ba. Jikin shagonsa akwai na Mansur, mai fotokofi da buga takardu, wanda ya taɓa neman Iklima ta ba shi haƙuri. Shi ke buga mata darussa. Ya sha gaya wa Malam Yakuba cewa yana ganin irin waɗannan diplom na intanet kullum, wasu na gaske, wasu ko ƙuli-ƙuli ba za a naɗe da su ba.

Malam Yakuba ya hau ƙaramar bas ta faba-faba ya tafi Saga da kansa. Ya yi magana da limamin unguwa, da manoma biyu a bakin fadama, da wata tsohuwa mai sayar da kopto, kwaɗon zogale. Ya dawo da yamma, ya ce bai ji aibu ba. Amma ya sa sharaɗi guda: sai Iklima ta riƙe diplom ɗinta a hannu kafin a sa rana.

Kowa a gidan ya san dalili. Babbar ƴarsa, Safiatou, saura shekara ɗaya ta gama karatun jinya aka yi mata aure, mijin ya yi alkawari a gaban mutane cewa za ta ƙarasa. Yanzu tana Doso da ƴaƴa uku, ba ta sake shiga aji ba.

"Na taɓa karɓar alkawari," in ji shi. "Wannan karon takarda zan karɓa."

Jarrabawar ƙarshe ta faɗo ranar Alhamis, 16 ga watan Mayu, daga ƙarfe biyu da rabi zuwa biyar da rabi. Dokokinta shafi uku ne. Ɗalibi zai zauna shi kaɗai a ɗaki a rufe, ya zagaya da kamera ya nuna kowace kusurwa kafin a fara. Ba zai yi magana ba, ba zai juya kai daga allon ordinater ba. Idan rezo ya yanke fiye da minti biyar, ya faɗi. Na'ura ce ke gadi, tana ɗaukar hoto da sauti daga farko har ƙarshe.

Watan Mayu a Yamai watan zafi ne da ɗaukewar kuran, wato wutar lantarki. Sau biyu rezo ya yanke wa Iklima, aka jefo ta waje a ƙananan gwaje-gwaje a gida. Nassirou ya kawo shawara: buron ƙungiyarsu, wato ofishinsu na Saga, yana aiki da pano na hasken rana da batura, rezo kuma yana da ƙarfi. Shi rukunin safe aka sa shi, zai gama nasa kafin azahar ya bar mata ɗakin.

Malam Yakuba ya yi kwana biyu kafin ya yarda, kuma da rakiyar Gwaggo Zuwera. A ƙofar gida ya gaya wa yayarsa abin da yake so.

"Yaya, ko dai kina ganinta, ko kina ganinsa. Kada su ɓace miki su biyu a lokaci ɗaya."

A Saga, Iklima ta yi wa gwaggonta bayani sau biyu. Ba a shiga ɗakin. Ko an ji ta faɗi, ba a shiga. Gwaggo Zuwera ta ce ta ji, ta shimfiɗa tabarma ƙarƙashin dogon yaro, daidai saitin ƙofa. Iklima ta ja Nassirou gefe.

"Ka zauna a gabanta. Kada ka tashi."

"An gama, Shef. Allah ya ba da sa'a."

Ya zauna a kan benci awa ɗaya da minti arba'in. Gwaggo ta tambaye shi sunan kakanninsa, ta tambaye shi ko yana cin tuwon dawa ko shinkafa ta lalata shi, ta ce Hausarsa ta kasuwa ce amma za a gyara. Da ƙarfe huɗu da minti goma wani abu ya fara ƙara a bayan ginin. Baturan ne suka yi zafi. Ya ce, "Gwaggo, ina zuwa," ya zagaya baya da gudu.

Gwaggo ta jira minti biyar. Ba ta ganinsa, ba ta ganinta. Ba ta san ko ginin yana da ƙofa ta baya ba. Ba shi da ita, amma ba wanda ya gaya mata. Ta ɗauki dardumarta, ta tura ƙofar a hankali, ta shiga a duƙe, ta zauna a ƙasa. A ganinta, wanda bai yi magana ba bai dami kowa ba.

Iklima tana kan tambaya ta goma sha bakwai cikin ashirin da biyar. A kusurwar allon akwai ɗan hoton kanta. A cikinsa ta ga ƙofa ta buɗe, ta ga kallabin gwaggonta ya wuce ya yi ƙasa. Ba ta juya ba, ba ta yi magana ba, domin duka biyun laifi ne. Ta sa ran na'urar ba ta lura ba.

Sai aka kira la'asar a masallacin unguwa. Gwaggo Zuwera ta miƙe, ta shimfiɗa darduma, ta kabbarta. Ta fito cikin hoton gaba ɗayanta, daga kallabi har zane. Raka'a huɗu ta yi, ba gaggawa. Iklima ta karanta tambaya ta goma sha takwas sau biyar ba ta san me take cewa ba.

Bayan sallama, Gwaggo ta yi abin da take yi a kowace jarrabawar Iklima tun aji ɗaya. Ta zo ta dafa kanta, ta sunkuya saitin kunnenta, ta karanta addu'a ƙasa-ƙasa, ta tofa sau uku. Ta leƙa ta taga ta hango Nassirou ya dawo kan benci, ta fita. Minti goma sha ɗaya ta yi a ciki.

Iklima ta ƙarasa tambayoyin. Ba ta ce wa gwaggonta komai ba. A cikin taksi ta rubuta masa.

"Na ce kada ka tashi daga gabanta."

"Batura ne suka yi zafi. Da ban je ba, da kuran ya ɗauke miki."

"Da kuran ne ya ɗauke, da na san abin da zan rubuta musu."

"Ki yi haƙuri, Shef."

Ta mayar da wayar cikin jaka. Gwaggo kuwa, da ƙanenta ya tambaye ta yadda aka yi, ta ce lafiya ƙalau, idonta bai bar ƙofa ba. Ta san ta saɓa wa yarinyar, ba ta so a tayar da zancen.

Wasiƙar makaranta ta zo bayan kwana tara, kofi ɗaya ga ɗaliba, ɗaya ga waliyyi. Malam Yakuba ba shi da adireshin mel, don haka ranar rajista na shagon Mansur aka rubuta. Mansur ya buga ta, ya shigo da ita shagon Malam Yakuba da hantsi, ya fassara a gaban Iklima da wani mutum da ya zo karɓar ɗinki. An riƙe sakamakon ɗalibar. An ga mutum na biyu a ɗakin tsawon minti goma sha ɗaya, ya matso ya yi mata magana a kunne. Kwamiti zai zauna. Idan ya tabbatar da satar amsa, za a dakatar da ita shekara biyu.

"Ba su faɗi suna ba, Baba," in ji Mansur. "Amma dai an san buron waye."

Malam Yakuba ya ajiye almakashi. "Shi ne?"

"Ba shi ba ne, Baba."

"To waye?"

Ta dubi Mansur, ta dubi baƙon. Ba za ta kira sunan matar da ta rene ta a gaban bare ba.

"Shi ke nan," in ji mahaifinta. "Ya rufe ƙofa da ƴata, ya kuma lalata mata karatu. Wannan aure ba zai yiwu ba."

Da rana a gida Gwaggo Zuwera ta ji labari, ta same shi yana alwala, ta ce ita ce ta shiga. Bai ko ɗago ba.

"Yaya, tun tana shekara tara kike ɗaukar laifinta. Ta fasa tulu, ke kika fasa. Ta ƙona mini shaddar mutane da dutsen guga, ke kika ƙona. Ranar da kuka dawo cewa kika yi idonki bai bar ƙofa ba."

"Ƙarya na yi ranar."

"To wacce zan ɗauka, ta ranar ko ta yau?"

Da yammacin nan Iklima ta buɗe jerin sakamako. Sunan Nassirou yana ciki, ya ci. Tun kwana biyu aka fitar, bai gaya mata ba. Ta rubuta masa, karo na farko cikin kwana tara.

"Barka, Mai ruwa. Me ya sa ka ɓoye?"

"Ba ya mini daɗi ni kaɗai."

"Ba laifinka ba ne. Na san haka tun a taksi, haushi ne ya rasa inda zai sauka."

"Ya sauka inda ya dace. Ina da faɗi."

"Kai ɗin? Iska ma tana ɗaukarka."

"Shef ɗina ta dawo. Buɗe dokokin makaranta, sashe na goma sha huɗu."

Sashen ya ce ɗalibin da ake zargi yana da haƙƙin ganin yankin bidiyon da aka dogara da shi. Suka rubuta buƙatar tare, kowa a gefensa na kogi. Ba mutumin da za a je a samu, ba buro, ba lambar da ake ɗauka. Sai fom, da amsar na'ura cewa an karɓa. Sun tura sau uku.

Bidiyon ya zo ranar 5 ga watan Yuni. Iklima ta ɗora ordinater a kan teburin yankan yadi a shago, Gwaggo Zuwera na zaune a gefe. Rezo ya yi rauni, sai da aka yi minti arba'in kafin ya sauka. Nassirou bai shigo ba, an hana shi. Ya tsaya a ƙetaren gudron, a kan babur, cikin rana.

Malam Yakuba ya leƙa waje ya kira Mansur. "A gabanka na yi magana, zo ka gani tare da mu."

Hoton ya fara. Fuskar Iklima, bango fari, ƙofa a baya. Ƙofar ta buɗe. Kallabi ruwan goro ya wuce a duƙe. Bayan ɗan lokaci mai kallabin ta miƙe ta ɗaga hannuwa.

"Ashe haka na yi ƙiba," in ji Gwaggo Zuwera. "Ba wanda ya gaya mini."

Ba wanda ya yi dariya sai Iklima, ita ma ta toshe baki. Malam Yakuba ya kalli raka'a huɗun duka. Ya kalli yayarsa ta dafa kan ƴarsa, ya kalli fuskar yarinyar, idonta kafe a allo, hawaye na sauka ba ta share ba. Mansur ya ce ya bar inji a kunne, ya fita.

"Yaya, wa ya ce ki shiga?"

"Kai. Ka ce ko ina ganinta ko ina ganinsa. Ban gan shi ba, na je inda zan gan ta."

Malam Yakuba ya fita, igiyar awo na rataye a wuyansa, ya jira motoci suka wuce, ya ƙetare gudron. Nassirou ya sauka daga babur ya durƙusa.

"Tashi, rana ta yi yawa," in ji Malam Yakuba. "Na yi maka mummunan zato, na kuma faɗe shi a gaban mutane. Ka yafe mini."

"Ba komai, Baba. Ko ni ne, haka zan zata."

"Ba ka ce ka yafe ba."

"Na yafe, Baba."

Ya shigo da shi shago, ya ba shi kujerar da ake ba masu jiran ɗinki. Nassirou ya ce game da sharaɗin, shi zai jira. Idan kwamitin ya ce shekara biyu, zai jira shekara biyun.

"Ban tambaye ka jira ba," in ji Malam Yakuba. "Na sa sharaɗin ne don kada aure ya hana ta takarda. To ba aure ya hana ta ba, umarnina ne." Ya juya ga ƴarsa. "Ke me kike so?"

"Duka biyun nake so, Baba."

"Idan suka ce ki sake jarrabawar, a ina za ki yi ta?"

"A Saga. Nan gida ba kuran."

"Sai in sake haɗa ki da Yaya."

"Ni na gama zuwa," in ji Gwaggo. "Tun da ba a son addu'a."

Malam Yakuba ya ɗauki almakashinsa, ya juya shi a hannu. "Matar mutum ba ta buƙatar ƴar rakiya zuwa buron mijinta. Ka gaya wa kawunnanka su zo ranar Juma'a a sa rana. Amma ka ji ni da kyau. Ba alkawarinka na karɓa ba. Zan riƙa zuwa Saga da ƙafata in ga littattafanta a buɗe."

"Za ku tarar da su, Baba. Ita ce shef."

Da la'asar saƙonsa ya shigo wayarta.

"Yau na ji abin da inji ke ji idan an sako masa ruwa."

"Ba ka iya zancen soyayya ba, Mai ruwa."

"Ki ɗauki murya ki taƙaita mini."

Malam Yakuba da kansa ya ɗinka rigar ango, Iklima ta yi surfanin wuya. Ranar ɗaurin aure Safiatou ta zo daga Doso da ƴaƴanta, ta zauna kusa da ƙanwarta, ta tambaye ta ko akwai irin wannan karatu na jinya, da ko ana karɓar mai shekara talatin. Da yamma, kafin a kai amarya, Gwaggo Zuwera ta riƙe hannuwan Iklima biyu ta ce Allah ya ba su zaman lafiya, ya ba su zuriya mai albarka, ya sa kada ɗayansu ya kwana da haushin ɗan'uwansa. Malam Yakuba ya ce amin daga bakin ƙofa, ya ƙara da cewa Allah ya fito da takardar. Motar amarya ta hau gada da ƙarfe shida saura.

Takardar kare kanta tana gaban makarantar tun 10 ga watan Yuni. A ciki akwai addu'ar Gwaggo a rubuce kalma bayan kalma, da fassararta zuwa faransanci, da shaidar limamin unguwa cewa Zuwera ba ta taɓa shiga lakol ba kuma ba ta san ilimin ban ruwa ba. Kwamitin ya amsa sau ɗaya. Ya ce akwai daƙiƙa ashirin a minti na goma da ba a jin abin da take faɗa, yana son bayani. Gwaggo ta ce miji nagari ta roƙa wa yarinyar, kuma a rubuta musu haka. Nassirou ya rubuta.

An sa zaman kwamitin ranar 28 ga Yuni, aka ɗage shi zuwa bayan hutu, ba a faɗi rana ba. Iklima tana buɗe shafinta kowace safiya a buron Saga. Gaban sunanta, inda ake rubuta maki, an rubuta cewa ana kan dubawa.